Daga Sule Biyar Zuwa Rancen Karatu: Ina Ɗan Talaka Ya Dosa?

Duk shekara, da zarar manyan makarantu sun fara fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, aikin katikis yakan ƙaru. Ran Lahadi za ka ga uwa ta fito gaban jama'a da rawa, 'yan zumuntar mata suna biye da ita suna guɗa, ta kawo baikon godiya domin ɗanta ko 'yarta ta sami shiga jami'a. Ran Talata kuwa sai ka ga wannan uwar a ƙofar ofis, ta ƙulle wata takarda a bakin zane, fuskar nan ba walwala. Takardar lissafin kuɗin da makaranta take nema ce.

Haka wata gwauruwa ta zo mini a nan Birnin Kebbi. Mutuniyar ƙasar Zuru ce, mijinta ya rasu yana aikin soja, ita kuwa da tuyar ƙosai da dama kunu take riƙe da yara huɗu. Babbar 'yarta ce ta sami gurbi. Da muka tara kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na mota da ɗan abin da yarinya za ta ci, sai muka ga ya fi ribar da uwar take samu cikin wata shida. Ta yi shiru, sa'an nan ta yi mini tambaya biyu. Ta ce ta ji a rediyo wai gwamnati tana ba ɗalibai rance, shin gaskiya ne, in kuma yarinya ta gama ba ta sami aiki ba, za a zo a kama ta? Ta biyun kuwa, ta ce ta ji ɗalibai suna zanga-zanga a wasu garuruwa a kan ƙarin kuɗi, to, in abin ya zo makarantar 'yarta, me za ta ce mata, ta fita ko ta ɓuya a ɗaki?

Ran nan ban iya ba ta amsa ba. Na ce ta ba ni mako guda. Abin da na tattara a makon nan, da wanda na ƙara sani daga baya, shi ne na kawo muku, gama na san akwai irinta da yawa a ikkilisiyoyinmu daga Argungu har Yawuri.

Rikicin sule biyar

Samarinmu na yau sukan yi dariya idan aka ce musu an taɓa zub da jini a ƙasar nan saboda sule biyar. Amma haka aka yi. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, ɗalibi ba ya biyan kome sai na abinci da na ɗakin kwana. Kuɗin man fetur da ake taƙama da shi kuwa ya soma ja da baya. Saboda haka a 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i, wadda Dokta Jibril Aminu yake sakatarenta a lokacin, ta ba da sanarwa cewa abincin ɗalibi na yini guda, wato karin kumallo da na rana da na dare, ya tashi daga Naira ɗaya da sule biyar zuwa Naira biyu, an kuma ƙara kuɗin ɗakin kwana.

Kada mai karatu ya raina sule biyar na wancan zamani. A lokacin Naira ta fi dalar Amurka daraja, kuma ko a 1981, shekara uku bayan haka, mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan Naira 125 ne a wata. Ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne aka yi wa kuɗin abinci rana ɗaya.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda ake kira NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ta nemi a janye, ba a janye ba. Ran 17 ga Afrilu ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa. Kashegari 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi mai koyon zanen gine-gine, Akintunde Ojo, a Legas. Labari ya iso Zariya, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fito, aka turo soja Samaru, aka kashe ɗalibai da dama. Kwamishinan Ilimi na Tarayya a lokacin shi ne Kanar Ahmadu Ali, shi ɗalibai suka ɗora wa laifi suna cewa lalle ya sauka, shi ya sa har yau ake kiran abin da sunansa. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, aka kori Okeowo daga makaranta, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya suka rasa kujerunsu. Sule biyar ɗin nan kuwa ba a janye shi ba.

A wancan lokaci ƙasarmu ta Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, kuma jami'ar Sakkwato ba ta daɗe da buɗewa ba, saboda haka yawancin 'ya'yanmu da suka kai jami'a Zariya suke zuwa. Akwai wani dattijo a majami'armu, tsohon malamin makaranta, wanda yake ɗalibi a Samaru a shekarar nan. Ya gaya mini cewa abin da ba ya mantawa shi ne yadda aka ba su ɗan lokaci kaɗan su kwashe kayansu su bar makaranta, ya iso gida da akwatin ƙarfe a ka, mahaifinsa ya ƙi yi masa magana kwana uku, yana tsammani korarsa aka yi. Ya kuma ce shi da sukolashif na jiha ya yi karatu, har yana ɗan rage wani abu ya aika wa ƙannensa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai. A 1978 faɗan da ake yi shi ne a kan nawa gwamnati za ta rage daga cikin abin da take ba ɗalibi. Ba wanda ya yi mafarkin cewa wata rana ɗalibin ne zai fita makaranta da bashin gwamnati a wuyansa.

Ba da daɗewa ba, zamanin mulkin Janar Buhari na soja, aka daina tallafin abinci a jami'o'i gaba ɗaya. Daga nan ɗalibi ya koma hannun masu sayar da abinci, ko kuwa ya zo da risho da tukunya.

Jinin 1978 kuma ya sake jawo wani jinin. A 1986 ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano domin tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe shekara takwas baya. Hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, ɗalibai suka tayar suna neman Farfesa Ango Abdullahi ya sauka, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ran 23 ga Mayu suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Abisoye, aka rufe jami'o'i da yawa a ƙasar.

Bashin ƙasa ya faɗo a kan aji

A shekarar nan ta 1986 ce gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Bashin ƙasashen waje ya yi wa Nijeriya katutu, masu bin bashi kuwa suka ce sai an karya darajar Naira, an rage abin da gwamnati take kashewa. Littafi da kayan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka gagari jami'o'i, albashin malami ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata. A ƙarshen Mayu 1989 ɗaliban Jami'ar Benin suka fara bore, 'yan gari suka shiga, abin ya bazu har Legas, aka yi asarar rayuka, aka rufe makarantu. A 1990 kuma aka sake tayarwa a kan rancen dala miliyan 120 da gwamnati ta nema daga Bankin Duniya domin jami'o'in tarayya, gama malamai da ɗalibai sun ga sharuɗɗan da ke ciki za su kai ga rage ma'aikata da ɗora wa ɗalibi kuɗi.

Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. Wanda ya bi ta Kamba ya ƙetara iyaka, yini guda ya ishe shi ya kai Yamai. A can, ran 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy zuwa cikin gari, suna ƙin shirin rage musu alawus da aka ƙulla da Bankin Duniya. Jami'an tsaro suka tare su a kan gadar suka yi harbi, hukuma ta ce uku ne suka mutu. Wannan rana ita ce ta girgiza mulkin Janar Ali Saibou, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Ɗaliban Nijar suna tunawa da ranar kowace shekara.

Akwai abu ɗaya mai ɗorewa da ya fito daga gwagwarmayar shekarun nan, kuma ɗan jiharmu yana tsakiyarsa. Attahiru Jega, mutumin Jega, shi ne shugaban ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, daga 1988 zuwa 1994. Gwamnati ta haramta ƙungiyar har sau biyu, duk da haka a 1992 ta zauna da su aka sa hannu a yarjejeniya. Daga cikinta ne aka sami dokar 1993 wadda ta sa kamfanoni su riƙa ba da kashi biyu cikin ɗari na ribarsu domin ilimi. Asusun nan shi ne ya zama TETFund a 2011. Duk wanda ya shiga wata babbar makarantar gwamnati ya ga sababbin gine-gine da wannan suna a jikin bango, to, ya ga abin da yajin aikin 1992 ya haifar. Ni dai a ganina, abin da aka samu a kan tebur da takarda da lissafi ya fi daɗewa bisa ga abin da aka samu a kan titi. Sai dai kuma in ba domin titi ya yi zafi ba, da wuya soja su yarda su zauna a teburin.

Makaranta ta matso, kuɗi ya yi nisa

Yau ba sai ɗanmu ya je Zariya ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 makarantu suke ƙaruwa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a nan cikin gari, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga jami'ar jiha a Aliero tun 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, ga ta aikin gona a Zuru tun 2020. Abin godiya ne. Amma ko makaranta tana bayan gidanka, sai ka biya kafin ka shiga.

A bisa doka har yanzu ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, fadar shugaban ƙasa ma ta sake faɗin haka a watan Yuli 2023. Iyaye sukan ji wannan su yi mamaki, gama su dai sun san suna biya. Ga yadda abin yake. Gwamnati ita take biyan albashin malamai, TETFund yana yin gine-gine yana tura malamai ƙaro ilimi. Amma wutar lantarki, da man janareta, da ruwa, da shara, da masu gadi, da takardun jarrabawa, ɗan abin da gwamnati take bayarwa dominsu ba ya isa. Saboda haka jami'a takan karkasa su ta sa musu sunaye: kuɗin rajista, kuɗin jarrabawa, kuɗin asibiti, kuɗin laburare, kuɗin wasanni, kuɗin katin shaida. In ka tara su, ko an kira shi kuɗin koyarwa ko ba a kira ba, daga aljihu ɗaya zai fita.

Jihar Kaduna ce ta fara nuna inda aka dosa. A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin jami'ar jiha daga Naira dubu ashirin da 'yan kai zuwa Naira 150,000, ta kuma ƙara na sauran manyan makarantunta. Ɗalibai suka yi ta fitowa, a ƙarshen watan Yuni kuma jaridu suka ba da labarin mutuwar wani ɗalibi a wajen zanga-zangar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Gwamnati ba ta janye ba. Sai a watan Agusta 2023 sabon gwamna, Uba Sani, ya rage na jami'ar zuwa Naira 105,000.

A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Iyayen da suka biya wa 'ya'yansu kuɗin haya na shekara a kusa da makaranta sun yi asararsa, ɗaki yana kulle. Ana cikin farfaɗowa daga wannan, ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na manyan masu amfani da ita zuwa Naira 225 kowane ma'auni, fiye da ninki uku, jami'o'i da yawa kuma suna cikin wannan rukuni. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga kuɗinsu. Jami'ar Legas ta tashi daga wajen Naira 19,000 zuwa fiye da 100,000, masu karatun likita kuwa 190,000. Ɗalibai suka fito a watan Satumba 2023, aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka kama wasu, daga baya hukuma ta zauna da shugabanninsu ta rage kaɗan. A Jos ma an fito. A Kano sai da gwamnatin jiha ta ware Naira miliyan 700 ta biya wa 'yan jiha 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero.

To, mu a nan kwarin Rima, man fetur ɗin da ya sa jami'a ta ƙara kuɗi, shi ne dai uban yaro yake zuba wa injin ban-ruwa a fadamar Argungu lokacin noman rani. Shi ne ya ninka kuɗin mota daga Zuru zuwa Birnin Kebbi. Bulala ɗaya ce ta sami makaranta ta sami uba, amma makaranta tana da wanda za ta tura wa lissafi, uba kuwa ba shi da kowa sai akuya da buhun shinkafar da ya ajiye domin iri. Ga kuma 'yan'uwanmu ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda asalinsu na wata jiha ne. An haifi 'ya'yansu a nan, a nan suka yi firamare da sakandare, amma a makarantun jihohi akan sa wa wanda ba ɗan jiha ba kuɗi fiye da na ɗan jiha, in kuma ya koma jihar iyayensa neman sukolashif a ce ba a san shi ba.

Abin da na fi gani da idona ba zanga-zanga ba ne. Yaro ne yake dawowa hutu, hutu ya ƙare, ka ga bai koma ba. Ka tambaye shi ya ce sai mako mai zuwa. Bayan wata biyu ka gan shi a kan babur yana kabu-kabu, ko kuwa yarinya an fara maganar aurenta. Irin waɗannan ba sa ɗaga kwali, ba mai watsa musu barkonon tsohuwa, jarida kuma ba ta ƙirga su. A ƙungiyar matasa ta majami'armu kaɗai na san uku.

Maganar rance

Yanzu sai mu zo ga tambayar gwauruwan nan ta fari. Gaskiya ne akwai rance. Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokarsa ran 12 ga Yuni 2023, amma dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsanani: sai abin da gidan su ɗalibi suke samu bai kai Naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ya kawo manyan mutane biyu da za su tsaya masa. Ina 'yar mai ƙosai za ta sami babban ma'aikaci ko lauya ya tsaya mata? Aka yi ta ƙorafi, aka soke dokar aka yi sabuwa ran 3 ga Afrilu 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa. Asusun da yake ba da rancen ana kiransa NELFUND, ya fara karɓar masu nema ta intanet ran 24 ga Mayu 2024.

Ga abin da ya kamata kowane uba da uwa su sani. Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai tsaye, ɗalibi ba ya taɓa shi, da kuɗin guzuri Naira 20,000 a wata, wanda yake shiga asusun ɗalibi a banki in ya nema. Babu kuɗin ruwa. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi goma na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya kai takardar rantsuwa a ɗaga masa. In mai bashin ya rasu an yafe, ba a bin iyaye. Wanda doka ta tanadar wa hukunci shi ne wanda ya yi ƙarya domin ya karɓa ko domin ya guje wa biya. Saboda haka na gaya wa matar nan ta kwantar da hankalinta, ba mai kama yarinya domin ba ta sami aiki ba.

Amma bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, sai dai na wani ya fi na wani tsawo. Mu yi lissafi, misali kawai. A ce kuɗin makaranta Naira 100,000 ne a shekara, shekara huɗu 400,000 ke nan. A ce ɗalibi ya karɓi guzuri wata tara a kowace shekara, 720,000 ke nan. Jimla Naira 1,120,000. In ya sami aiki a kan mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa, wato Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, za a riƙa cire masa 7,000 a wata, wata 160 kafin ya gama, wato shekara goma sha uku da wata huɗu. Gaskiya ne albashi yakan ƙaru, kuma da yake babu ruwa, faɗuwar darajar Naira za ta rage nauyin bashin da kanta. Wannan ya fi rancen ɗan kasuwa mai cewa ka karɓi buhu ɗaya da bazara ka mayar da biyu da kaka, nesa ba kusa ba. Duk da haka, a shekarun nan goma sha uku ne yaro zai yi aure, ya kama haya, ƙannensa kuma suna kallonsa. A gidajenmu wanda ya fara gama makaranta shi ne sukolashif na waɗanda suke bayansa.

Abu na biyu da yake damuna shi ne halinmu game da kuɗin gwamnati. A nan Birnin Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba 2015. Kowa ya san yadda ta kaya. Wasu sun noma sun biya. Wasu ambaliyar 2020 ta shafe gonakinsu, ba su da abin biya. Wasu kuwa tun ranar karɓa suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Rancen ɗalibai ma ba yau aka fara shi ba. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumarsa a 1972, aka ba da kuɗi, yawancinsa bai dawo ba, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai yi wani abin kirki ba. In waɗanda suke karɓa yau suka ƙi biya, ƙannensu ne za su tarar da rijiya ta ƙafe. A 2025 kuma an yi zargin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ɗalibi ya biya daga aljihu alhali an riga an biya masa, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Saboda haka duk wanda ya nema ya riƙa duba shafinsa, ya buga takardar shaida ya ajiye.

Akwai kuma abin da malaman jami'a suka daɗe suna faɗa, wanda nake ganin yana da ƙanshin gaskiya: da zarar an ce akwai rance, ƙarin kuɗi ya sami hujja. Duk wanda ya yi kuka sai a nuna masa ƙofar asusu. Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya. A Ingila, a 2010, majalisa ta ninka iyakar kuɗin jami'a kusan sau uku zuwa fam 9,000 a shekara, a kan cewa ai ɗalibi zai ranta. Dubban ɗalibai suka cika titunan Landan, aka zartar da dokar duk da haka. A Amurka fiye da mutum miliyan 40 ne ake bi bashin karatu, jimlarsa ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, har akwai masu furfura da ba su gama biya ba. Afirka ta Kudu ce ta bi wata hanya dabam. A watan Oktoba 2015 ɗaliban Jami'ar Wits ta Johannesburg suka ƙi ƙarin kashi goma da rabi cikin ɗari, sauran jami'o'i suka bi su, cikin kwana goma Shugaba Zuma ya soke ƙarin shekarar gaba, a ƙarshen 2017 kuma ya ce 'ya'yan marasa ƙarfi za su yi karatu kyauta. Sai dai can ma an ƙone gine-gine, an ɗaure wasu ɗalibai, kuma har yanzu farkon kowace shekara akan yi rigima a kan tsofaffin basusukan da suke hana ɗalibai rajista.

Tambayarta ta biyu ta fi wuya, kuma ba zan yi kamar ina da amsar da za ta gamshi kowa ba. Ba na cikin masu cewa duk ɗalibin da ya ɗaga murya ɗan iska ne. Wanda aka ninka wa kuɗi sau biyar cikin dare ɗaya yana da ikon ya tambayi dalili, ya ce a nuna masa lissafi, a bar shi ya biya kashi-kashi. A Legas ma sai da aka fito kafin a zauna. Amma na duba sunayen waɗanda suka mutu tun daga 1978, ban ga ɗan wanda ya sa hannu a takardar ƙarin kuɗi ba ko ɗaya. A garuruwanmu na arewa kuma akwai wani haɗari na musamman wanda dukanmu mun sani: taron da aka fara a kan kuɗin makaranta, in 'yan ta-more suka shiga, kafin la'asar an juya shi ya zama na addini ko na ƙabila, a manta da abin da ya fito da mutane. Kuɗin rajista kuwa bai san Musa ba bai san Bitrus ba, takarda ɗaya aka miƙa musu. Abin da na ce wa matar shi ne, ta gaya wa 'yarta ta shiga ƙungiyar ɗalibai, ta je taro, ta yi zaɓe, ta sa hannu a takardar koke da sunanta. In an fito da rana tsaka da shugabannin da aka sani, ita ta san abin da zuciyarta ta ba ta. In ta ga an fara ɗaukar dutse ko an kunna taya, ta kama hanyar ɗaki.

Da muka je neman rancen sai muka tarar da wani cikas. Ana bukatar lambar JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, kuma sai makaranta ta shigar da sunan ɗalibi tukuna. Sunan yarinyar a katin ɗan ƙasa ya bambanta da na takardar makaranta da harafi ɗaya, gyaransa ya ci mako biyar, ranar rufe rajista kuwa ba ta jira. 'Yan zumuntar mata ne suka ba uwar kwasar adashi ta farko, wadda ba tata ba ce, dattawa suka ƙara da wani abu daga baikon godiyar kaka, aka biya na shekarar fari.

Yanzu yarinya tana aji biyu. Ta karɓi rancen kuɗin makaranta, amma ta ƙi na guzuri, ta ce za ta riƙa yin kitso a ɗakin kwana. Uwar ta sayi ɗan littafi mai shafi arba'in ta kawo mini. Duk ƙarshen zango takan zo ran Talata in rubuta mata adadin da ake bin 'yarta, in karanta mata da ƙarfi sau biyu, ta mayar da littafin cikin leda ta ƙulle a bakin zane.